Yadda Ake Amfani da Gyara, Ragi da Tukwici Wajen Riƙe Abokan Ciniki a Kasuwancin Intanet

Duk wanda aka taɓa aika awo yana yaro ya san abin da ake kira gyara. Mai awo zai cika tiya har ta yi tozo, ya juye a leda, sannan ya sake tsoma hannu cikin buhun ya ɗebo abin da tafinsa ya ɗauka ya ƙara a kai ba tare da an roƙe shi ba. Wannan ɗan tafin hatsi bai isa ya taɓa ribarsa ba, amma shi ne dalilin da ya sa idan aka sake aiken yaron gobe zai wuce rumfuna biyar ya tsaya a gabansa. Haka mai tsire yake ƙara yanka ɗaya bayan ya gama yanka na kuɗinka, haka mai kayan miya yake jefa attarugu biyu a kan kashin da ka saya. Al'ada ce da addini ya ƙarfafa, domin ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya roƙa wa mutum mai sauƙin kai rahama, idan zai sayar, idan zai saya, da kuma idan zai nemi a biya shi bashi.

Da ciniki ya koma cikin waya, sai mai saye ya daina ganin hannun mai sayarwa. Yana ganin hoto, ya tambayi farashi, ya tura kuɗi, ya jira kaya, kuma a cikin minti ɗaya zai iya leƙa shafukan mutum goma masu sayar da irin wannan kayan. Saboda haka gyaran da ake yi da tafin hannu a rumfa, a intanet sai an zauna an tsara shi, an lissafa shi, an kuma rubuta shi. Na yi shekaru ina taya ƙanwata riƙe lissafin kasuwancinta na atamfa da turaren wuta, wanda take yi daga gida a Kano ta WhatsApp da Instagram, kuma abin da na gani shi ne yawancin masu raba kyauta a intanet suna kashe kuɗi ne wajen tara 'yan kallo, alhali wanda ya cancanci kyautar shi ne wanda ya riga ya taɓa saye ake so ya dawo. A kan wannan fahimta aka gina matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: ka san abin da kake so mai saye ya yi

Kafin ka ambaci kalmar ragi ko kyauta, ka tambayi kanka wane abu guda ɗaya kake so abokin ciniki ya yi wanda ba ya yi a yanzu. Wataƙila mutane suna saye sau ɗaya su ɓace, kana so su dawo karo na biyu. Wataƙila suna dawowa amma turmi ɗaya-ɗaya suke ɗauka, kana so su riƙa haɗa biyu. Wataƙila kayanka suna da kyau amma ba a san ka ba, kana so waɗanda suka gamsu su kawo 'yan uwansu. Wataƙila kuma wasu kaya ne suka yi kwantai, yayinsu na neman wucewa, kana so ka fitar da su ka ceto jarinka.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da irin kyautar da ta dace da shi, kuma wanda ya haɗa su duka a sanarwa ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi aiki ba. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta shi a jimla guda a saman shafin littafinka, misali: "Ina so waɗanda suka saya a wata uku da suka wuce su sake saye kafin ƙarshen wannan wata." Idan kasuwancinka ƙarami ne kuma ba ka san inda za ka fara ba, shawarata ita ce ka fara da dawowar karo na biyu, domin wanda ya taɓa tura maka kuɗi ya karɓi kayansa lafiya ya riga ya tsallake babban shingen cinikin intanet, wato tsoron a damfare shi.

Mataki na biyu: ka yi lissafi kafin ka yi alkawari

A nan ne mafi yawan masu sayarwa suke yanka wa kansu wuƙa, don haka zan ɗan tsaya. Kuskuren shi ne mutum ya lissafa ragi a kan farashin sayarwa, alhali daga riba ake cire shi.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira domin bayani kawai. Ka saro turmin atamfa a Kantin Kwari a kan naira 18,000, kana sayarwa 22,000. A ido ribarka 4,000 ce. Amma akwai kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa da dawowa, akwai leda da tambarin da kake mannawa, akwai data, akwai abin da mai POS ko banki ke cira. A ce rabon kowane turmi daga waɗannan ya kama naira 700. Ribarka ta gaskiya 3,300 ke nan. Yanzu idan ka sanar da ragin kashi 10 cikin 100, wanda a kunne ba wani abu ba ne, ka cire naira 2,200 daga cikin 3,300, saura 1,100. Ma'ana ka bayar da kashi biyu cikin uku na ribarka, kuma sai ka sayar da turmi uku kafin ka samu abin da kake samu a turmi ɗaya a da. Idan ka ce kashi 20 ne, ka shiga cin uwar kuɗi, kowane ciniki da ya faɗa asara ce ta naira 1,100 ko da alat yana ta shigowa wayarka.

To ka ɗauki biro ka yi wa manyan kayanka biyar irin wannan lissafi: kuɗin sari, kuɗaɗen da ke rataye da shi, farashin sayarwa, sai riba ta gaskiya. Daga nan ka yanke wa kanka iyaka. Abin da ni na zaɓa wa kasuwancin gidanmu shi ne kada kyauta ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ribar cinikin da aka ba da ita a kansa, sai fa idan kayan kwantai ne da ake so a rabu da su, wanda a nan dawo da jari ma nasara ce. A misalin da ke sama, iyakar ta kama kusan naira 800 a kan kowane turmi.

Sannan ka tuna farashin sari ba ya zama wuri ɗaya. Wanda ya yi alkawarin kyauta ta wata shida da farashin yau, ya koma kasuwa bayan wata biyu ya tarar kaya sun tashi, zai samu kansa tsakanin saɓa alkawari da cin jari. Shi ya sa ya fi kyau a gajarta wa'adi, idan an ga da hali a sabunta.

Mataki na uku: ka zaɓi irin kyautar da ta dace

Gyara da kaya shi ne na farko a wurina, kuma dalilin lissafi ne. Ƙaramar kwalbar humra da ta tsaya maka a naira 600 za ta iya zama abin da mai saye ta saba gani ana sayarwa 1,200, don haka ka kashe 600 ita kuma ta ji an ba ta 1,200. Ragin kuɗi ba ya da wannan albarka, naira ɗari da ka rage naira ɗari ce a wurinka da wurinta. Bayan haka gyara yana tallata wani kayan: wadda ta sayi atamfa ta tarar da ɗan ƙullin turaren wuta a cikin ledarta, idan ta zuba a kasko gidan ya ɗauki ƙamshi, akwai yiwuwar odarta ta gaba ta turaren ce. Na ga wannan da idona. Wata baiwar Allah daga Kaduna da ba ta taɓa tambayar turare ba ta turo saƙon murya bayan kwana biyu da karɓar kayanta tana cewa, "Anti, wannan abin da kika saka min a ciki, baƙi sun zo duk sun tambaye ni, nawa ne babbar kwalba?" Sharaɗin kawai shi ne gyaran ya zama abu mai kyau da ya dace da mai sayen, domin wanda aka ba tarkacen da ya rasa mai saye yana ganewa, kuma yana jin an raina shi.

Ragin farashi yana da wurinsa, amma magani ne mai ƙarfi da ba a sha kullum. Idan duk ƙarshen wata kana karya farashi, abokan cinikinka za su koyi jira, kuma farashinka na ainihi zai zama wanda ba wanda ya yarda da shi. Akwai darasi a labarin kantunan JCPenney na Amurka, waɗanda suka shafe shekaru suna sabar wa mutane da takardun ragi da gwanjo iri-iri. A shekarar 2012 sabon shugaban kamfanin, Ron Johnson, ya soke wannan tsari ya ce za a koma farashi ɗaya mai sauƙi, sai cinikinsu ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wannan shekara, kuma a 2013 aka sauke shi. Mutanen da aka sabar wa ragi ba sa yarda a yaye su cikin sauƙi. Don haka idan za ka yi ragi, ka ɗaura shi a kan dalili da wa'adi, kuma ya fi kyau ka ba da shi a kan sayayya ta gaba maimakon wadda ake ciki, wato wanda ya saya yau ya samu ragin naira 800 idan ya dawo cikin kwana talatin. Ta haka ba ka biyan komai sai an sake yin ciniki.

Ɗauke kuɗin aike yana da tasiri fiye da yadda ake zato, saboda sau da yawa ciniki yana lalacewa ne a daidai lokacin da aka gama daidaitawa sannan aka ce sai an ƙara na ɗan aike ko na direban tasha. Dabarar ita ce ka ɗora shi a kan adadin da ya ɗan haura abin da aka saba saye. Idan yawancin mutane turmi ɗaya suke ɗauka a 22,000, ka ce duk wanda sayayyarsa ta kai 40,000 za a kai masa kyauta. Turmi biyu sun ba ka ribar 6,600, ka cire 1,500 na aike, saura 5,100, wanda ya fi 3,300 ɗin da za ka samu da an tsaya a ɗaya. Amma ka fayyace iyakar wurin, domin kai kaya Hotoro ko Rijiyar Zaki daban yake da tura su Legas ko Maiduguri, balle a ce za a tsallaka da su Maraɗi ko Yamai.

Katin tara sayayya, wato a ce wanda ya saya sau biyar zai samu kyauta a ta shida, ya fi dacewa da kayan da ake yawan maimaitawa, irin su turare, sabulu, man shafawa, yaji, dambun nama da cincin. A kan wannan akwai wani bincike da ya kamata a sani. A 2006 wasu masana biyu, Joseph Nunes da Xavier Drèze, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a wani wurin wankin mota. An ba wasu kati mai gurbi takwas babu hatimi ko ɗaya, an ba wasu mai gurbi goma amma an riga an buga musu biyu. Duka dai wanki takwas ake buƙata kafin a samu na kyauta, amma kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka buga wa biyu tun farko sun cika katinsu, yayin da kashi 19 ne kawai suka cika a ɗaya ɓangaren. Mutum ya fi son ƙarasa abin da ya ga ya riga ya fara. To idan za ka buɗe irin wannan tsari, ka lissafa wa tsofaffin abokan cinikinka sayayyar da suka riga suka yi, ka ce musu, "Kin riga kin samu biyu, saura uku."

Tukwicin kawo abokin ciniki shi ne ya fi kama da yadda mutanenmu suke saye dama, domin mace ta fi yarda da abin da ta gani a jikin ƙawarta a wurin biki fiye da hoton da aka ƙawata. Abin da ya fi aiki shi ne a ba ɓangarorin biyu, wanda ya kawo da wanda aka kawo, kamar yadda kamfanin Dropbox, mai ajiye wa mutane fayiloli a intanet, ya yi suna da ƙara wa mai gayyata da wanda aka gayyata wurin ajiya kyauta. Idan mai kawowa ce kaɗai za ta samu, za ta ji nauyin kada ƙawarta ta ɗauka dillanci take yi a kanta, amma idan za ta iya cewa "ki ce ni na turo ki, za a rage miki", ta zama mai yin alheri. Kada ka rikita wannan da la'adar masu ɗaukar hotunan kayanka su tallata a nasu shafukan, waɗannan abokan sana'a ne, farashin sari ko la'ada tsayayya ake yanka musu.

Akwai kuma kyautar da ba ta cin ko kwabo, ita ce fifiko. Idan sababbin kaya sun iso, ka tura wa amintattun abokan cinikinka hotuna kwana ɗaya kafin ka ɗora wa kowa, su zaɓi zanen da suke so. Ga wadda ba ta son ta je taro ta tarar mutum biyar sanye da irin atamfarta, wannan ya fi ragin naira dubu daraja.

Mataki na huɗu: ka rubuta sharuɗɗa yadda ba za a yi musu ba

Rigimar da ke biyo bayan kyauta kusan kullum daga abin da ba a faɗa ba take tasowa. Sanarwarka ta ƙunshi wanda ya cancanta, abin da zai yi, abin da zai samu, ranar farawa da ranar rufewa, da kuma ko ana iya haɗa wannan garaɓasa da wata. Ka rubuta ranar da lamba, kada ka ce "zuwa ƙarshen mako" ko "har kaya su ƙare" ba tare da faɗin adadinsu ba. Ga irin saƙon da muke turawa:

"Salamu alaikum Hajiya, da fatan an wuni lafiya. Muna godiya da cinikin da kika yi da mu a watan jiya. Daga yau zuwa ranar 30 ga wannan wata, duk sayayyar da kika yi da ta kai naira 20,000 za mu saka miki kwalbar humra ƙarama kyauta. Idan kuma kika turo wata ta saya, za a rage mata naira 500, ke ma a rage miki 500 a sayayyarki ta gaba, bayan ta biya ta karɓi kayanta. Allah ya bar zumunci."

Ka lura da jimlar "bayan ta biya ta karɓi kayanta". Idan babu ita, za a samu masu turo sunaye su nemi tukwici tun ba a sayi komai ba, ko mutum ɗaya ya yi amfani da layi biyu ya kawo kansa da kansa.

Mataki na biyar: ka buɗe littafin abokan ciniki

Tsarin kyauta ba ya tafiya da ƙwaƙwalwa. Littafi mai layi ya isa, ko jadawali a waya ga wanda ya iya: suna, gari, ranar saye, abin da aka saya, nawa aka biya, wa ya turo shi, da kyautar da yake bi. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, tana ba da damar manna wa kowace hira lakabi mai launi, don haka za ka iya ware sababbi, da waɗanda suka saya sau biyu, da waɗanda suke bin ka tukwici. Duk lokacin da mutum ya saya, ka tura masa matsayinsa a cikin saƙon godiya, domin katin da mai shi bai san inda ya kai ba ba ya jan kowa.

Lambobin nan amana ne. Kada ka jefa mutane cikin zauren WhatsApp ba da izininsu ba, musamman matan aure, inda kowa zai ga lambar kowa, kuma kada ka ba wani ɗan kasuwa lambobinsu. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ba mutum haƙƙin ya ce a daina turo masa saƙon talla. Ko ba don doka ba, wanda ya ce ka daina ka daina.

Mataki na shida: ka san lokacin sanarwa da hanyarta

Kada ka yi ragi a lokacin da kasuwa ke ci da kanta. Mai atamfa da shadda ya san daga watan Sha'aban zuwa tsakiyar azumi mutane ke rububin kayan sallah, domin teloli suna rufe karɓar ɗinki tun da sauran kwanaki. A irin wannan lokaci ko ba ka rage ba za a saya, don haka abin da ya dace shi ne ɗan gyara mai faranta rai tare da alkawarin ragi da za a yi amfani da shi bayan sallah, lokacin da aljihu ya huce kasuwa ta yi sanyi. Ta haka cinikin lokacin cika yana ciyar da na lokacin fari. Ƙarshen wata da ake biyan albashi, lokacin komawar yara makaranta da kuma lokutan bukukuwan aure duk suna da nasu yanayi, kuma littafinka ne zai nuna maka watannin da cinikinka ke yin ƙasa.

Wajen isar da saƙo, ka fara da waɗanda aka yi tsarin dominsu, ka tura musu kai tsaye da sunansu. Jerin aika saƙo na WhatsApp yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, shi ya sa yana da kyau tun ranar cinikin farko ka roƙi mutum ya ajiye ta. Abin da ka ɗora a sitatus kuma awa 24 yake yi ya ɓace, don haka sai an maimaita. Sau uku sun wadatar a ganina: ranar buɗewa, tsakiyar wa'adi, da kwana ɗaya kafin rufewa. Wanda ke turo talla safe da yamma, ba a jimawa ake toshe shi.

Mataki na bakwai: ka kiyaye abin da zai ɓata maka suna ko ya taɓa halalinka

Rabon katin waya da kuɗi ga duk wanda ya bi shafi ya yi sharhi ya zama ruwan dare, kuma mu ma mun taɓa yi. Mabiya sun ƙaru cikin kwana uku, muka ji daɗi, amma da na duba littafi bayan wata guda ban samu ciniki ko ɗaya da zan ce daga wannan rabo ya fito ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo sun fice. Masu neman kati ne suka zo, ba masu neman atamfa ba. Idan har za ka yi rabo, abin da za a ci ya zama kayanka ne, domin wanda ba ya sha'awarsu ba zai wahalar da kansa ba. Ka kuma sani cewa ƙa'idojin Facebook sun hana a shar'anta wa mutane su yaɗa sanarwa a shafinsu na kansu ko su ambaci abokansu kafin su shiga gasa.

Abu mafi nauyi shi ne kada rabon ya rikiɗe ya zama caca. Idan aka ce kowa ya biya naira 500 a jefa ƙuri'a mutum ɗaya ya ci, sauran su tafi hannu rabbana, wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Haka nan ƙara farashi a ɓoye kafin a sanar da ragi, a rubuta "da 30,000 yanzu 24,000" alhali kayan ba su taɓa kai 30,000 ba, algus ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu sananne ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ita ma ta hana yaudarar mai saye a kan farashi ko ingancin kaya. A wannan babi ne kuma sayen shaida ya faɗo. Babu laifi ka roƙi wadda ta saya ta faɗi yadda ta samu kayan, har ka yi mata ɗan tukwici na ɗawainiyar ɗaukar hoto, matuƙar ba ka shar'anta mata sai yabo ba. Amma ka sa ƙannenka su rubuta yabon kayan da ba su taɓa saye ba, ɗan uwan najashi ne da aka hana a kasuwa, wato mutum ya zuga kaya ba da niyyar saye ba don wani ya ruɗu. Kuma kafin ka ɗora hoton hirar wata ko hoton fuskarta, ka nemi izini ka rufe lambarta.

Mataki na takwas: ka cika alkawari, ka auna, sannan ka rufe da kyau

Alkawari kaya ne, kuma kyautar da ka sanar bashi ce a wuyanka. Kafin ka buɗe baki ka tanadi kwalaben humrar a gefe, kada ranar haɗa oda ta zo ka ce sun ƙare. Idan wadda ta cancanci tukwici ta manta, kai ka tuna mata, domin wannan tunatarwa tana gina amana fiye da tukwicin kansa. Idan kuskure ya faru aka tura kaya babu gyaran, kada ka jira ta yi ƙorafi, ka kira ka ba da haƙuri ka haɗa mata a aike na gaba. A ɗaya ɓangaren kuma lokacin garaɓasa lokaci ne da 'yan damfara ke shigowa cikin rububi, don haka kada hoton rasit ya ishe ka, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin ka miƙa wa ɗan aike leda.

Da wa'adi ya cika, ka koma kan jimlar da ka rubuta a mataki na farko ka amsa ta da lamba. Mutum nawa ka tura wa saƙo, nawa suka saya, nawa ka kashe a kyauta, nawa ne ribar da ta rage bayan an cire ta, kuma yaya wannan yake idan aka kwatanta da wata makamancinsa da ba a yi komai ba. Yawan sharhi da yawan masu kallo ba sa shiga wannan lissafi. Idan kana da abokan ciniki da dama, akwai gwaji mai sauƙi: ka raba su biyu, ka yi wa rabi tayin gyara, rabi tayin ragi mai daidai da kuɗin gyaran, a lokuta daban-daban don kada wani ya ji an fifita wani, ka ga wanne ya fi dawo da mutane. Bayan wata biyu ka sake dubawa, domin abin da ake nema shi ne waɗanda suka sake dawowa bayan kyautar ta ƙare.

Idan lissafi ya nuna tsarin ba ya biyan kansa, ka dakatar da shi, amma kada ka yanke shi dare ɗaya. Ka duba littafi ka fitar da sunayen duk waɗanda suke tsakiyar tara sayayya ko suke bin ka tukwici, ka tura wa kowannensu saƙo cewa za a rufe tsarin a rana kaza, ka ba su aƙalla mako biyu su ƙarasa. Wadda take da huɗu cikin biyar kuma ba ta samu halin cikewa ba, ka saka mata gyaranta a odar da za ta yi nan gaba, ka soke sunanta daga shafin bashi.